Harsashi a Valdivia

Kwana uku takardar Don Nibaldo na kan tebur,
kofin shayi har ya yi wa jimillar kuɗin zobe.
Na karanta ta a tsaye, na karanta ta a zaune,
ko peso ɗaya bai ragu ba.

Ɗaki ɗaya ne fa, na ce wa Griselda,
taku goma sha biyu ta nan, tara ta can,
inda mahaifiyarki za ta kwana ba hawan bene.
Ina da shebur. Ina da baro mai kukan taya.
Ina da Asabar da Lahadi, da ƙanenki Eleuterio
in dai ba ranar ƙwallo ba ce.
Ta ce, to. Ta ci gaba da yanka albasa.
Shekara ashirin da biyu na san wannan to ɗin.

Da sassafe na kafa turaku, na ja igiya,
na soma haƙa ina fito.
Ban kai gwiwa ba ruwa ya tsattsafo daga ƙasa,
a hankali, kamar mai gida ya leƙo ganin baƙo.
Na kwashe, ya dawo. Na kwashe, ya dawo.
Laka ta riƙe takalmina ta hana ni shi.

Nan na tsaya da ƙafa ɗaya ina kallon rumfar Baba,
wadda ya zuba wa kankare shi kaɗai, da alfahari.
Tsagar daɓenta yau tana cin yatsana biyu,
ƙofarta kuwa sai da kafaɗa.
Kuma garin nan, kowa ya sani,
ƙasarsa ta taɓa girgiza har kogi ya shigo titi.
Tsohuwar da nake wa ɗaki tana 'yar shekara tara a ranar,
har yau ba ta barci in fitilar rufi na lilo.

Katako na da afuwa:
ka kuskure, ka zare ƙusa, ka sake.
Kankare in ya sandare
da kuskurenka a ciki yake sandarewa,
ya riƙe maka shi har jikoki.

Don Nibaldo ya zo ranar Talata, bai yi dariya ba.
Ya murza lakar a yatsu, ya shinshina,
ya ce a ƙara zurfi, a zuba tsakuwa, a yi wa ruwa hanya,
rodi kuma ba a ɗaure shi da wataƙila.
Na ce aljihuna ba zai kai ba.
Ya zaro fensir daga bayan kunne ya soke layi biyu:
haƙa taka ce, ɗaukar buhu naka ne,
awo da rodi da ranar zubi nawa ne,
kada ka taɓa mini su ko da ido.

Haka aka yi. Bayana ya biya abin da aljihu ya kasa.

Da zai tafi ya ce in riƙa shayar da shi kwana bakwai.
Kwana bakwai ɗin nan sama ba ta ɗauke ba.
Duk da haka kowace asuba ina fita da bokiti,
lema a hannu ɗaya, ina zuba ruwa a kan ruwa,
Griselda na taga, ba ta ce komai ba.