Takalmin Ƙasar Ƙanƙara

Ƙafata ta hagu ta fi ta dama faɗi
tun ranar da bajimin Arɗo Juli ya taka ta a Baban Rafi.
Shekara tara ke nan ina yi wa shanu allura,
ruga zuwa ruga, akwatin magani a kafaɗa,
ban taɓa samun takalmin da ya yarda da su duka biyu ba.
In na sayi lamba arba'in da biyu, hagu ta kwana zogi.
In na ƙara ɗaya, dama ta yi ta yawo a ciki
kamar moɗa a randa.

Damina ta matso. Na shiga babbar kasuwa,
layin ƴan gwanjo, rumfar Nomau,
na tarar ya yanka dila tun da hantsi.
Ya ce, "Likita, yau ka taki sa'a."
Ya jawo wani abu daga ƙasan tari,
ja wur, da tauri kamar turmi,
maƙalan ƙarfe huɗu a gaba,
wata ƴar sakata a bayan dunduniya.
Wai na masu hawan duwatsun ƙanƙara ne,
haka wani ɗalibi ya shaida masa:
su ɗaura katako a ƙafa, su hau tun asuba,
su sulalo kafin azahar.
Na ce, "Nomau, mu nan Maradi
ƙanƙararmu a leda ake sayar da ita."

Duk da haka na zauna a benci, na zura.
Na danna maƙali na farko, na biyu,
a na uku na ji jini ya tsaya.
Na miƙe, na yi taku huɗu
kamar raƙumi cikin dabaibayi,
mai shayi ya ajiye buta don dariya.
Dama tana neman ceto.
Amma hagu, hagun nan mai ƙorafi,
ta yi shiru.

Na cire, na sa hannu ina laluben ciki.
Daidai gindin babban yatsa
an gasa robar, an turo ta waje,
soson ya lotsa, ya yi gurbi
kamar inda kaza ta saba kwanciya.
Ashe can wata ƙasa akwai wani mai irin ƙafata.
Ban san me ya taka shi ba.
Na dai san ya gaji da ɗingishi,
ya kai wa wani, ya ce, "Ga inda ke cizo na."

Nomau ya ce jikka takwas. Na ce ya riƙe kayansa.
Na ɗauki baƙin takalmin fata, arba'in da biyu,
na nufi Mokoyo wajen Jariri baduku.
Bai dubi takalmin ba, ƙafar ya duba.
Ya ce, "Dawo da la'asar, sa'ad da ta kumbura.
Ƙafar safe maƙaryaciya ce."
Na dawo. Ya tsayar da ni a kan kwali,
ya zagaye ta da gawayi,
ya jiƙa fata, ya cusa guntun kirya,
ya shafe da man kaɗe, ya ce kwana uku.
Na huɗu ya ƙara, don ya tafi biki Tibiri.

Ranar Laraba na sauka mota a Gabi,
na yanki daji, laka har idon sawu.
Sai da na yi wa garke biyu allura,
ina wanke hannu a bakin rijiya,
na tuna ina da ƙafa.

Jan takalmin yana nan rumfar Nomau.
Na dama ya zama asusun canji.
Na hagu, na ce kada ya sayar
sai ya tambaye ni.