Benci Bakwai

Benci bakwai gare mu a ƙarƙashin dogonyaro,
bayan majami'armu ta Mabera.
Uku Zumuntar Matan Kwannawa ce ta saya.
Biyu Obinna mai kayan babur ya sauke da daddare,
ya ce kada in faɗi sunansa. Ga shi na faɗa.
Sauran biyun aro ne
da ya tsufa har ya zama gado.

Ni ke riƙe da littafin.
Alli, sukari, garin kunu,
kuɗin keken da ke kwaso yaran Gidan Dare,
kowane sisi da sunan hannun da ya miƙo shi.

Shekarar da aka ɗauke Fasto Habila zuwa Zuru,
shi da ya ƙulla igiyoyin nan duka,
sai wayata ta koyi azumin magana.
Afrilu ya zo, kwalta tana kama takalmi,
randa ta bushe tun kafin a rufe addu'a.
Yara arba'in suka koma goma sha tara.
Na yi fushi, ban ɓoye ba.
Na kai wa Baba Istifanus littafin, na ce
duba waɗanda suka manta da mu.

Ya lashi yatsa, ya yi ta buɗawa a hankali
har bango na ƙarshe.
Ya ce, Rifkatu, na ga abin da suka kawo.
Ina shafin abin da muka kai?

Ban ci tuwo ba a daren nan.

Asabar muka cika mota da matasa tara,
bokitin fenti biyu da tsintsiya,
muka bi hanyar Bodinga
zuwa wata 'yar ikilisiya da rufinta ke yoyo,
wadda shekara huɗu tana aiko mana gero
ba mu taɓa ganin ƙofarta ba.
Tabita ta koya wa yaransu ayar haddacewa,
su kuma suka gyara mata karin waƙa.
Muka dawo da buhun albasa,
motar tana wari, kowa na dariya da hawaye.

Ba duka suka dawo ba.
Akwai lambar da har yau nake kira
tana cewa a kashe take.
Amma na ja layi a tsakiyar kowane shafi,
hagu shigowa, dama fita,
kuma ranar da dama ta rame
nakan nemi takalmina.

Jiya Filibus, da na sha share wa majina,
yanzu yaron kafinta ne a Tsohuwar Kasuwa,
ya ɗauko mana na takwas a kansa.
Ƙafa ɗaya ta ɗan gaza.
In mutum ɗaya ya zauna, sai ya yi rawa.
Yara suka gano sirrinsa kafin ni:
wani ya hau wannan baki,
wani ya hau wancan,
sai ya tsaya cak.