Ƙusa Goma Sha Biyu

Tun la'asar gabas ta ɗaure fuska,
shirwa na shawagi ƙasa-ƙasa bisa Dala,
rediyon mai shayi ya ce iska na tafe.
Ni ko na yini a kan rufin mutane,
daga Gwammaja har Kurna,
ina danne kwanon wasu.

Nawa fa? Tsohuwar taya da dutsen niƙa
ke riƙe da shi tun bara.

Tasalla ta kwashe shanya,
ta kora awaki zaure,
ta jera bokitai inda ta san zai ɗiga.
Ba ta ce mini uffan ba.

Ƙusa goma sha biyu suka rage a aljihu.
Na hau. Aka ɗauke wuta.
Darbejiyar masallaci ta yi ruku'u,
kwanon Malam Barau ya wuce ta kaina
yana kururuwa, ko sallama babu.
Ni na kafa shi, watan jiya.

Da asuba muka yi ƙidaya:
yara cif, awaki cif, rufi na nan.
Sai ga Barau a ƙofa, jiƙe sharkaf,
ya miƙo mini ƙusa ɗaya lanƙwasasshiya.