Bargon Ƙarshe

Shekara ashirin da uku ina busa jiniya
a masaƙar bargo ta kan hanyar Bukuru.
Bakwai saura kwata in ja igiya,
Gangare ta farka, Dilimi ta yi ɗamara,
masu kekuna su gangaro, baki na hayaƙi don sanyin safiya.
Yau kwaɗo ne a ƙofar, ya kai tafin hannu,
takardar kotu na manne,
ruwan Agusta ya cinye rabin rubutun.

Jiya a gidan suna na gamu da Kwamared Jatau.
Ya rame, amma muryar na nan yadda na san ta.
Ya ce, Tanimu, su suka kashe ta.
Wata bakwai ba albashi, manaja na sauya mota.
Injin da aka ce sabo ne daga waje,
tsoho ne ya sha fenti, da farcena na kankare na gani.
Kuɗin fanshonmu ya yi ƙafa,
ya je unguwar manya ya tsaya, ya zama bene.
Mu da muka ce a ba mu guminmu, mu ne masu laifi?
Na ce, haka ne.

Ran Juma'a kuma, a bakin masallaci,
ga Alhaji Sabitu yana laluben takalminsa,
shi da ake rugawa a buɗe wa mota.
Ya ce, Tanimu, kai shaida ne.
Yajin aiki huɗu a shekara guda!
Odar asibitoci na jira, suna gindin mangwaro suna dara.
Man janareto ya hau, wuta sai ta ga dama,
gwanjo ya cika Taminus, uku a kuɗin namu ɗaya.
Na ce a sallami hamsin a ceci ɗari biyar,
suka kulle ni a ofis tun hantsi har la'asar.
Ka yanka saniyar tatsa, ka dawo kana cigiyar nono?
Na ce, haka ne.

Kada ku ce mini baki biyu.
Bargo ɗaya suka kama, kowa da gefensa,
kowa na rantsuwa shi sanyi ya fi dama.
Ina tsaye a tsakiya na ji ƙarar yagewa.

Jatau bai ambaci ambulan ba,
wadda ta iske shi da dare, gari ya waye an janye yaji na uku.
Alhaji ya manta da ƙanin matarsa
mai jiƙa auduga kafin a ɗora a sikeli.
Ni kuma, tunda an zo wurin,
duk Disamba bargo biyu nake naɗewa a cikin kwat.
Gyang mai gadi ya dubi sama, ɗaya nasa.
Mu ɗari biyar ne.
Ku yi lissafin da kanku.

Chundung mai tuwo ba ta da katin ƙungiya,
ba ta taɓa taka matakalar ofis ba.
Littafin bashinta na nan, sunayenmu shafi goma sha ɗaya,
nawa a shafi na shida.
Yanzu tana kasa tumatir a Farin Gada,
in na hango ta sai in tsallaka titi.
Dung ya koma ramin kuza da furfura a kansa.
Babu wanda ya kira su taro ya ji ta bakinsu.

Har yau bakwai saura kwata nake farkawa,
hannuna a sama yana neman igiya.
Bargon na jikina, na Disambar ƙarshe,
shekara tara, ko zare ɗaya bai saki ba.
Mun iya saƙa, wallahi mun iya.
Jikata ta shafa shi ta ce, Kaka, wa ya yi wannan?
Na buɗe baki zan ce mu,
sai na tsaya ina tunanin wa da wa zan sa a ciki.