Katangar da Na Matsa

Na ce bari in matsa katanga kaɗan,
in ƙara wa ɗaki guda fili a faifan kwamfuta.
Ana tsakar aiki aka ɗauke wuta.

Da safe sai Gawon Nama, shagon Modi.
Ya leƙa, ya ce, "Mi kat taɓa?"
Kwana biyu yana yasarta kamar tsohuwar rijiya.

Suka fito ba suna, sai lamba:
rasit ɗin albasa,
hoton Inna, rabinsa toka,
kundin digirina ya koma tafiyar tsutsa.

Fayil na ɗari huɗu da tara ya buɗe.
Muryar Baba ce, yana faɗa mini iyakar gonarmu ta Kware:
"Daga tsamiya zuwa..."
Nan ta yanke.

Modi ya kashe fanka.
Muka sake saurara.