Ramin da Ke Ƙuryar Bakina

Ran Talata aka cire shi,
can ƙurya, inda haske ba ya kaiwa.
Dakta Serwa ta ɗaga min shi a bakin hantsaki,
saiwarsa uku, ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiya.
Haƙorin hankali ke nan, in ji ta.
Na so in ce, to wanda ya rage mini fa?
Auduga ta cika min baki.

Ta ƙirga dokoki da yatsunta:
kar ka tofar, kar ka tsotsa,
kar ka kurkure yau,
kar harshenka ya je wurin.
Na gyaɗa kai kawai.
Wa ya taɓa ɗaure harshe
ya hana shi leƙa gidan da maƙwabci ya tashi?

Ni yaron mota ne, bakina ne jarina.
Tun assalatu ina rataye a ƙofar torotoro
daga Aboabo zuwa Kejetiya,
ina kiran unguwanni da sunayensu.
Laraba na kwanta. Alhamis na fito,
don kuɗin haya ba ya jiran dasashi.
Rana ta take a Asawasi,
na sayi ruwan leda, na huda da haƙorin gaba,
na tsotsa yadda na saba tun ina yaro.
Sai ɗanɗanon ƙarfe a kan harshe.
Gudan jinin da ke gadin ramin
ya bi ruwa, ko sallama babu.

Daren Juma'a ciwo ya shigo da kayansa.
Ya sauka a muƙamuƙi, ya hau kunne,
ya shimfiɗa tabarma a bayan ido.
Iska ma in na shaƙa, ƙashi take taɓawa.
Na ƙirga ramukan kwanon rufi
har ladan ya yi gyaran murya.

Da safe wata mai kwandon tumatir
ta kau da kai da na miƙa mata canji.
Ban ga laifinta ba. Ni ma ina jin warin.
Wofa Agyekum ne ke tuƙi, shi ke kiran fasinja,
ni kuwa ina buga jikin mota da kwabo
kamar bebe a bakin kasuwa.

Magani kam, kowa likita ne a Zango.
Inna Azumi ta ce kanumfari.
Bawa mai tsire ya ce ruwan batir,
na dube shi, na dubi giɓin bakinsa.
Kwana huɗu ina shan koko mai sanyi, ba ƙosai.
Ran da na yi gangancin wake da shinkafa,
ƙwaya ɗaya ta faɗa rijiyar,
muka kwana tare da ita.

Litinin na koma, kaina a ƙasa.
Dakta ba ta yi faɗa ba.
Ta wanke, ta cusa wani abu a ramin,
ƙamshinsa ya cika ɗakin.
Kanumfari!
Ban gaya wa Inna Azumi ba,
ba zan sake jin ƙarshen maganar ba.

Yau mako uku.
Ina tsugune a bakin kwata da kofin ruwan gishiri mai ɗumi,
ina karkata kai hagu da dama,
in buɗe baki ya zube da kansa.
Jiya yatsu biyu ke shiga tsakanin haƙorana,
yau uku, da ƙyar.
Naman yana haɗewa a hankali
kamar hanyar da gwamnati ke gyarawa.

Shi kuwa haƙorin yana cikin kwalin ashana
a aljihun da nake sa canji.
Ɗazu a mahaɗar hanya na gwada murya,
Keje...
ta tsaya a rabi.
Wofa ya dube ni ta madubi,
ya ƙarasa min sauran.