An Ɗage Zama

A bakin ƙofar kotu nake wuni,
shagon Kawu Bappah, rumfar kwano,
injin hoto mai tari, kwamfuta biyu, ɗaya ta daɗe da rasuwa.
Ni ke buga wa jama'a takardar rantsuwa:
wanda aka rage wa suna harafi,
wadda shekarunta suka ƙi lissafi,
ɗan acaɓan da ruwan Bolari ya cinye wa takardu.
Ɗari biyar shafi.
Shekara biyar na yi ina haddar shari'a,
yau ga ni ina gyara wa mutane ranar haihuwa.

"Barista!" in ji mai shayi.
"Barista, da canjin dubu?"
Sunan ya riga ni isa.
Takalmin wa ne a ƙafar ƙane,
ina tafe yana kwaɓal-kwaɓal.

An ce sunaye za su fito bayan Sallah.
Ba a faɗi wace Sallah ba.
Mun sha ta azumi, mun ci ta layya,
soyen nama ya ƙare a langa, sai mai.
Wai gurbi kaɗan ne, mu kuma mun yi yawa,
'yan bara suna layi,
'yan bara waccan ba su gusa ba.

Wayata ta san hanyar shafin nan
kamar akuya da gidan mai dusa.
Da asuba, kafin alwala, Allah Ya yafe mini,
ɗan zoben yana juyawa, yana juyawa,
har data ta ce ga garinku.

Yila ya bugo daga Kaltungo:
"Ka ji wani abu?"
"Kai fa?"
Ya ce shanun huɗa yake koya wa dokar kwangila,
wai sun fi mu natsuwa a aji.
Muka yi dariya, ba ta kai ciki ba.

Dada ta sayar da wake buhu biyu,
ta sa aka ɗinko baƙar kwat da fararen riguna,
suna ƙasan akwati cikin kafur.
Duk Juma'a sai ta shanya su.
Ba ta tambaya.
Fuskata take karantawa in ina cire takalmi,
sai ta ƙara mini miya.
Bwari, Yola ko Bagauda, duk ɗaya ne gare ta,
a dai samu masallaci kusa, da mai tuwo.

Shekaranjiya wani dattijo ya zo daga Kwami,
fayil ɗaure da tsumma.
Gonar gado, shekara goma sha ɗaya,
yau ma an ɗage zama.
Ina dora takardun a inji ina satar karatu.
A shafi na huɗu na ga inda gizo ke saƙa:
iyakar gabas, nan tsamiya, can rafi,
ba wanda ya lura.
Harshena ya yi ƙaiƙayi.
Ba ni da hula, ba ni da riga, ba ni da bakin magana ciki.
Na ja layi da fensir, sirit,
na ce, "Baba, nuna wa lauyanka nan."

Ya dube ni. "Kai ma lauya ne?"
Na ce, "Ina jira."
Ya ce, "Ni ma."
Ya ɓare goro, ya ba ni babban ɓarin.
"Ita gona ba ta san ana shari'a ba, yaro.
Duk damina sai ta yi ciyawa."

Yau da magariba an ɗauke wuta.
Ina jan ƙofar shago, aljihu ya girgiza.
Gabana ya faɗi.
Na goge hannu a wando, na yi bisimilla, na buɗe.

Hajjo ce, ƙanwata:
"In ji Dada ka taho da daddawa."

Na sa kwado.
Na bi ta Tashar Dukku.